Ku Kwantar da Hankalinku, Zuciyar Kawai Aka Tsayar

Bari in fara da abin da zai sa rabinku su taɓe baki su ce an fara. A yau ɗin nan, a asibitoci da dama na duniya, akwai mutanen da likita ya tsayar musu da zuciya cak, da gangan, har awa guda ko fiye, ya tsaga ta, ya gyara, ya ɗinke, sannan ya tashe ta. Bayan mako ɗaya ko biyu su koma gida su ci gaba da rigima da uwargida a kan kuɗin cefane. Na ga ka gyara zaman hula, Malam. Ka ce tatsuniya da rana tsaka, wanda zuciyarsa ta tsaya ai sai likafani. Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce mutumin ya mutu ya dawo, kuma likitan bai yi da'awar raya matacce ba. Jini bai daina zagayawa ba ko na minti ɗaya, ƙwaƙwalwa tana samun rabonta, ƙoda tana samun nata. Inji ne ya karɓi aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci: yana janye jini ta wani bututu, ya sa masa iskar oksijin, ya mayar da shi jiki ta wani bututun.

Injin nan ma ya girmi yawancin masu gardamar. Wani likita a Amurka, John Gibbon, ya yi kusan shekara 20 yana fama da shi, tun yana gwaji a kan kyanwoyi shi da matarsa. Ranar 6 ga Mayu 1953, a Filadelfiya, ya ɗora wata budurwa mai shekara 18 a kansa, ya toshe wata huda da aka haife ta da ita a cikin zuciya, injin ya riƙe ta minti 26, ta tashi ta yi rayuwarta. Wanda kuma zai ce ai wannan sai ƙasar Turawa, to a Inugu aka fara irin wannan tiyata a Najeriya tun 1974, Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa tare da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar. Lokacin wasunku ko tatata ba su fara ba.

To amma injin ya bar baya da ƙura. Jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya ita kanta daga gindin babbar jijiya suke fitowa, wadda likitoci ke kira awota. Domin likita ya samu wurin aiki busasshe, sai ya sa ƙarfen matsi ya matse awotar a saman inda jijiyoyin nan suka fito. Jiki duka yana shan jini daga inji, zuciya ita kaɗai aka bari a waje. In aka bar ta haka da ɗumin jiki, ba a yi mata wata dabara ba, daga minti 20 zuwa 30 tsokar ta fara lalacewar da ba ta gyaruwa. Canza bawul ɗaya kuwa, wato marfin ƙofar da jini ke bi a zuciya, yakan ci awa guda. Duk ilimin da nake son mu yi gardama a kansa yau na cike wannan giɓi ne, kuma inda ya fi wuya shi ne a zuciyar da ta yi kauri.

Ga saurayin can mai ɗaga ƙarfe ya ɗago kai yana murmushi. Ka ce tsoka mai kauri ai ita ce mai ƙarfi, kai da ka biya kuɗi kake neman ƙwanji. A damtse, na yarda. A zuciya kuwa, wadda ta yi kaurin ciwo ita ce raguwar ɗakin tiyata, ita ce ta fi saurin galabaita, kuma ita likitoci suka fi lallaɓawa.

Zuciyar baligi nauyinta wajen giram 300 ne, bangon ɗakinta na hagu na ƙasa, wanda ke tunkuɗa jini zuwa jiki duka, kaurinsa bai cika wuce milimita 11 ba. Mai ciwo takan haura giram 500, bangon ya kai milimita 15, ya kai 20, wani lokaci ma ya wuce. Abin da ya fi kawo wannan a cikinmu shi ne hawan jini, wannan dai da Alhaji ya ce nasa na tunani ne, ya sha magani kwana uku ya ajiye saboda kai ya daina ciwo. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, in kowane bugu sai ta yi kokawa da jini mai hawa, dole ta tara tsoka. Sai kuma ƙuntatar bawul ɗin awota. Wani tsufa ne ke sa ya taurare, wani an haife shi da marfi biyu maimakon uku, wani kuma ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi masa magani ba ya juye ya taɓa zuciya. Ƙofar takan ragu har ta koma kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta, zuciya ta yi ta matso jini ta ɗan tsukin. Akwai kuma na gado, wanda ake samu a kusan mutum 1 cikin 500, shi ne binciken gawa ya nuna a zuciyar Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru da ya faɗi a fili a birnin Liyon na Faransa a watan Yuni 2003, ana tsaka da wasa da Kolombiya. Hajiya, na ji ki, kin ce 'yar ƙanwarki ma an ce zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa. Wannan daban ne. Waccan buɗewa take yi ta saki, bangon ya yi laushi. Tamu ta yau cika take yi ta ciki, ta yi tauri.

Me ya sa mai kaurin ta fi rauni? Ku dubi unguwar da aka ja wa bututun famfo tun tana gida hamsin, yau ta zama gida ɗari biyar, bututun yana nan yadda yake. Na bakin titi suna samun ruwa, na ƙarshen layi sai su ji famfo yana huci. Haka zuciya take. Tsoka ta ƙaru, ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita ba su ƙaru daidai da ita ba. Manyan jijiyoyin kuma a jikin zuciya ta waje suke kwance, rassansu ne ke huda bango su nutsa ciki, don haka tsokar can ciki, wadda ke fuskantar ramin ɗaki, ita ce ta ƙarshen layi. Abin bai tsaya nan ba. Duk lokacin da zuciya ta matsa, tana matse jijiyoyin da ke cikin naman jikinta, saboda haka ɗakin hagu ba ya shan jini sosai sai a ɗan tsakanin bugu da bugu, lokacin da ya saki. Mai kauri kuwa ba ta saki da kyau. Tun kafin a shiga da ita ɗakin tiyata da yunwa take kwana, ajiyar ƙarfinta ta yi ƙasa. Yanzu a ce an matse mata jijiya an ce ta jira awa guda.

Likitoci ba a littafi suka koyi wannan ba, a kan tebur suka gani, kuma da rayukan mutane aka biya kuɗin makarantar. Denton Cooley na birnin Hustin a jihar Teksas yana cikin masu saurin hannu da aka taɓa yi a wannan sana'a, dabararsa ita ce ya matse jijiya ya yi maza ya gama kafin zuciya ta gaji. Sau da yawa hakan yana yi masa. Amma a 1972 shi da abokan aikinsa suka bayyana wani abin tsoro da suka kira zuciyar dutse: a gama aiki lafiya, a saki matsi, sai a tarar zuciya ta dunƙule ta sanƙare, ba ta bugu, ba ta saki, ko da hannu aka matsa ba ta motsi. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne masu kaurin tsoka da ƙuntataccen bawul. Dalilin zai ba ku mamaki, ku da kuke zaton hutawa kyauta ce. Tsoka tana bukatar makamashi kafin ta saki, kamar yadda take bukatarsa kafin ta matsa. In ajiyar ta ƙare ƙaf, zaruruwan tsokar sai su sarƙe da juna su ƙi rabuwa. Abin da ke sa gawa ta sanƙare ke nan, sai dai wannan karon a ƙirjin mai rai ya faru.

Wasu kuma a wancan zamani wata dabara suka ɗauka. Maimakon su hana zuciya jini, sai su sa mata ɗan lantarki ta riƙa karkarwa a wuri ɗaya, ba cikakken bugu ba, jini yana shigarta, likita yana aikinsa. A zuciya mai bango daidai abin ya yi dama-dama. Gerald Buckberg da mutanensa a Los Anjalis suka nuna a shekarun 1970 cewa a mai kauri karkarwar nan tana matse jijiyoyin ciki ba hutu, tsokar can ciki tana mutuwa alhali daga waje zuciyar ja-wur take kamar ba abin da ya same ta.

Sai aka koma ga abin da Malam ya fi tsoro: a tsayar da ita ɗungurungum. Zuciyar da ta daina bugu tana rage cin oksijin da kusan kashi 90 cikin 100. Abin da ake tsayar da ita da shi kuma fotasiyam ne, wani gishiri da ke cikin jinin kowa, ke cikin ayaba da wake. A jini ma'auninsa tsakanin 3.5 da 5 ne. In aka ɗura wa jijiyoyin zuciya ruwa mai ɗauke da ninki huɗu ko biyar na wannan, lantarkin da ke tashin bugu sai ya ɗauke, cikin minti ɗaya ko biyu ta kwanta a sake, laɓo-laɓo. A'a, Hajiya, ba kanwa ba ce, kar ki fara lissafin buhu. Kanwar kasuwa yawancinta gishirin sodiyam ne, ba abin da ya haɗa ta da wannan aiki. Kai kuma mai karance-karance da kake raɗa wa na kusa da kai cewa da fotasiyam ake kashe waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a wasu jihohin Amurka, gaskiyarka. Bambancin shi ne can a jinin jiki duka ake zuba shi ba inji, nan kuwa zuciya kaɗai ake ba, da awo, kuma da an saki matsi jini ya wanke shi.

Ba zan ɓoye muku ba, masu shakka sun taɓa cin wannan gardama. Dennis Melrose ya kawo dabarar a Landan a 1955, amma ruwansa ya yi ƙarfi ƙwarai, ya ninka na yau sau da yawa, aka riƙa ganin tabon matacciyar tsoka a zukatan da aka ba shi. Likitocin Amurka da Ingila suka yi watsi da shi fiye da shekara goma. Jamusawa ne ba su saki ba. Hans Bretschneider ya ci gaba da bincike ta wata hanya, ta rage sodiyam da kalsiyam a ruwan, kuma ruwan da ya samo asali daga aikinsa har yau ana amfani da shi da sunan Custodiol. A 1973 William Gay da Paul Ebert suka dawo da fotasiyam a ma'auni mai sauƙi, a 1975 kuma David Hearse da Mark Braimbridge suka fito da nasu haɗin a asibitin St Thomas na Landan. Ashe awo ne ya ɓaci tun farko.

Bayan tsayarwa sai sanyi. Wilfred Bigelow na Toronto ya nuna tun wajen 1950 cewa jikin da aka sanyaya yana rage cin oksijin, har ya ɓata shekaru yana binciken wasu dabbobin ƙasarsu masu barcin hunturu a rami, yana neman sirrinsu. Sirrin bai samu ba, amma sanyin ya zauna. Yau ruwan tsayar da zuciya yakan fito da sanyin digiri 4, a sauke tsokar zuwa wajen digiri 10 ko 15. A nan ma mai kauri sai ta nuna hali. Norman Shumway ya saba wanke zuciya da ruwan gishiri mai sanyi daga waje, wasu har niƙaƙƙiyar ƙanƙara suke zubawa. Bango mai milimita 20 kuwa sai bayansa ya yi sanyi ƙalau cikinsa yana nan da ɗumi, kuma ƙanƙarar takan daskarar da jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, mara lafiya ya tashi da wata matsalar. Dole sanyin ya bi ta cikin jijiyoyi ya isa can ƙurya. Sannan yawan ruwan da za a ɗura da nauyin jikin mutum ake lissafa shi, ga tsoho ɗan firit mai kilo 50 da zuciyar da ta kusa ninka ta ƙato. Likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga lissafin, yana ƙarawa, yana taɓa bangon ya ji ko ya yi sanyi ya saki, wasu har allurar awon zafi suke sokawa a tsokar.

Ta ina ake ɗura shi? Hanya mafi sauƙi ita ce ta gindin awota, ruwan ya bi inda jini ya saba bi. Amma in bawul ɗin yana yoyo, ruwan sai ya zube cikin ɗakin zuciya ya kumbura shi, jijiyoyin ba su samu komai ba, kumburin kuma ya ƙara matse tsokar ciki. Shi ya sa ake sa wani ɗan bututu yana tsotse ɗakin kada ya cika. In haka ta faru sai likita ya buɗe awotar ya ɗura kai tsaye a bakin kowace jijiya. Akwai kuma hanyar da na san Malam zai ce wannan kam an kai maƙura: ta baya. Jinin da ya gama ciyar da tsokar zuciya yana taruwa a wata jijiya da ke bayanta kafin ya zube a ɗakin dama. Sai a sa bututu a nan, a tura ruwan ya yi tafiyar baya-baya, ya ratsa tsokar ya fito ta inda jini ya saba shiga. Walton Lillehei ya gwada wannan da jini tun 1956, Philippe Menasché na Faris ya farfaɗo da shi a farkon shekarun 1980. Yana isa tsokar cikin ɗakin hagu da kyau, kuma likita ba sai ya dakata da ɗinki ba. Aibinsa ɗakin dama ba ya samun isasshe. Don haka a zuciya mai kauri da yawa sukan haɗa duka biyun, ta gaba da ta baya.

In kuna zaton ku kaɗai ne masu taurin kai, ku shiga taron likitocin zuciya. Mabiya Buckberg jini suke haɗawa da ruwan, kashi huɗu jini kashi ɗaya ruwa, su sake ɗurawa duk bayan minti 15 zuwa 20, hujjarsu ita ce jini yana ɗauke da oksijin kuma mai yunwa ba a barinta ta daɗe. Su kuma mabiya Pedro del Nido, wanda ya haɗa nasa ruwan a Fitsbag saboda zukatan jarirai, sun juya lissafin: kashi ɗaya jini kashi huɗu ruwa, da magniziyam da lidoken, maganin nan da ake kashe wuri da shi kafin a yi ɗinki. Ɗura ɗaya yakan kai su kusan minti 90 ba tare da an katse aiki ba, kuma likitocin manya da yawa sun karɓe shi. Tambayar da har yanzu ake ja-in-ja a kanta ita ce ko ɗura ɗaya ya ishi bango mai kauri sosai. Ni dai in za a bi ta tawa, ina bayan wanda ba ya rowar ƙari. Mintunan da za a ɓata wajen sake ɗurawa ba su kai darajar tsokar da ta mutu ba, don tsokar zuciya in ta mutu tabo ne ke maye gurbinta.

Wani zai ce to an gama, a saki matsi kowa ya kama gabansa. Sannu, Alhaji, gaggawa ba ta nan ba ce. Tsokar da ta daɗe ba jini, in aka sako mata shi farat ɗaya, kalsiyam yakan afka cikinta ya yi ɓarna, wani lokaci dawowar jinin ta ƙara a kan abin da rashinsa ya yi. Shi ya sa wasu ke ba ta ɗuren ƙarshe na jini mai ɗumi da fotasiyam, ta samu 'yan mintuna tana cin abinci tana kwance kafin a ce ta tashi aiki. Sau da yawa da an saki matsi ita da kanta take fara motsi, bugu ɗaya, shiru, wani bugun, sai ta kama. In ta shiga karkarwa ba a jira, a ɗora mata faifai biyu a ba ta ɗan lantarki ta dawo hanya, kun dai ji abin da karkarwa ke yi wa mai kauri. Bayan an sauke ta daga inji ma sai da lallashi. Tana son a cika ta da jini sosai don taurinta, ba ta son gudu don a tsakanin bugu take ci, kuma magungunan zaburarwa irin su adirenalin, da kan ceci zuciya mai laushi, ita in aka yawaita sukan ƙara mata wahala.

Na ji mai cewa da a taɓa masa zuciya gara ya haƙura da ciwonsa. To ka ji daɗi kaɗan: tun 2002, da Alain Cribier ya fara a birnin Ruwan na Faransa, ana iya zura sabon bawul ta jijiyar matsematsi a kai shi wurinsa ba a tsaga ƙirji ba. Amma ba kowane ciwo ya dace da shi ba, kuma kuɗinsa sai wane da wane. Mai ƙuntataccen bawul kuma da ya fara haki, ciwon ƙirji ko suma, in ya zauna haka, shekarun da suka rage masa ba su cika yawa ba.

Saura ku 'yan gidan kallon ƙwallo da kuka yi shiru tun ɗazu kuna jiran a kawo shaida. A 1996, bayan Najeriya ta ci zinare a gasar Olimfik ta Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano matsala a bawul ɗin awota na Nwankwo Kanu. A ƙarshen shekarar aka yi masa tiyata a Kilibland ta Amurka, irin tiyatar da ba ta yiwuwa sai an ɗora mutum a inji an tsayar da zuciya. Ya warke, ya koma fili, Arsenal ta saye shi a 1999. A watan Oktoba na shekarar, a gidan Chelsea, an ci Arsenal biyu ba ko ɗaya, saura minti 15 a tashi, Kanu ya zura uku shi kaɗai, ta ƙarshen daga wani lungu da ko mai tsaron gida bai zaci ƙwallo za ta bi ba. Masu goyon bayan Chelsea da ke cikinku, ku ne ya kamata ku yi wa Malam bayanin ko zuciyar ta tashi.